Wa Ke Tsaye a Bayanka In Ka Buɗe Kaye?

Ƴan uwa, kun tuna a zamanmu na ƙarshe kafin hutu mun yi alkawarin kowa zai sayi kaye guda, ya riƙa rubuta abin da ya same shi kullum har kwana arba'in, kuma ba don a buga ba. Wanda ya kawo shawarar ya ce ta haka ne kowa zai gano muryarsa ta gaskiya, tunda a cikin kayenka babu mushe mai jan bik, babu ƴan fada masu yi maka dariya. Daga baya muka karya rabin alkawarin, kamar dai yadda muka saba. Mutum tara suka yarda aka ciro shafuka daga kayensu aka yi fotokopi, su ne kuka karanta a ɗan littafinmu da ya gabata. Ni ma ina cikin taran nan, don haka duk dutsen da zan jefa, a kaina zai fara sauka.

Na karanta shafukan sau uku. Mutum tara ne suka rubuta, daga garuruwa dabam dabam, akwai ɗan Tawa, akwai ƴar Damagaram, akwai haihuwar nan Yamai, amma murya biyu kawai na ji, sai shafi ɗaya tak da ya fita daban wanda zan zo kansa can gaba.

Murya ta farko kowa ya san ta, ita ce ta redaksiyon. Rana tana fitowa a layin farko, tsuntsaye suna kuka a na biyu, a na uku marubuci ya fara tunanin rayuwa. Mutum huɗu da Faransanci suka rubuta, biyu daga cikinsu har da passé simple. Don Allah wa kuka taɓa ji ya sayi dambu a Harobanda da passé simple? Wannan lokacin fi'ili ba ya rayuwa ko'ina a ƙasar nan sai a takardar jarrabawa, amma ga shi ya biyo mutum har kan katifarsa da tsakar dare, cikin kayen da ya rantse ba mai gani. Wani ɗan uwa kuma da Hausa ya rubuta, sai dai kowace rana yana buɗewa da gaida kayensa, yana ce masa abin ƙauna. Kowa ya san daga inda aka ɗauko wannan gaisuwa. Hausa ce a baki, amma ƙashin bayanta Faransanci ne.

Murya ta biyu ta littattafan Kano ce. A nan zuciya kullum tana bugawa, ana lumshe ido, ana sauke ajiyar zuciya sau uku a shafi guda. Kada a fahimce ni a karkace. Da yawanmu ba mu taɓa karanta Hausar boko don jin daɗi ba sai da littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka ƙetaro iyaka, ana ba da hayarsu, ana ɓoye su cikin kayen lissafi. Bashin da suke bin mu babba ne. Amma muryarsu tasu ce, sun same ta a unguwanninsu da gidajensu. In ɗan Tawa da na san yana cewa "mi ya hwaru" ya koma kayensa yana magana kamar saurayin Fagge, to zanen aro ne, kuma an san ba ya rufe katara.

Ga nawa shafin, don kada a ce na ɓoye. Na rubuta: "A wannan yammaci mai cike da ƙunci na tsaya bisa gadar Kennedy ina kallon kogi, ina tunanin makomar matasan Afirka." Wallahi ƙarya ce. Na tsaya bisa gadar, wannan gaskiya ne, amma igiyar takalmina ce ta tsinke. Dala arba'in ke aljihuna, ina lissafin ko in ba mai gyaran takalmi, ko in yi fotokopin darasin da ake jarrabawarsa jibi, ko in ci tuwon dare. Makomar Afirka ba ta zo mini a rai ba sai da na buɗe kaye na ɗauki bik. Na san kuma dalili. A kan gadar nan ne aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairu 1990, kuma duk ɗalibin da ya ambace ta a rubuce sai ya ji nauyi ya hau kansa, kamar dole ya faɗi babbar magana. Sai na jefar da takalmin, wanda shi ne nawa, na ɗauko jawabin taron ƙungiya.

To a nan ne nake jayayya da shawarar da muka bi. An ce mana kaye ba shi da mai karatu, shi ya sa gaskiya ke fita a cikinsa. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha uku ana auna jimlolinsa da maki, tun daga dikte har bak, ba zai wayi gari ya rubuta don kowa ba. Akwai wanda ke tsaye bayansa yana leƙen kafaɗarsa, ko da ɗakin a kulle yake. A shafukanmu takwas na ga mai leƙen: wani wajen mushe ne, wani wajen budurwar da ake fatan wata rana za ta tsinci kayen ta yi kuka.

Abin ba da mu ya fara ba. A makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ta horar da malamai da akawuna na duk yankin nan, tun daga shekarun 1930 ana ba ɗalibai aikin hutu: kowa ya koma garinsu ya cika kaye da al'adun mutanensa, aure, abinci, tatsuniya, magani, ya kawo a ba shi maki. Ɗaruruwan kayen nan suna ajiye a Dakar har yau, kuma taska ce ta gaske. Amma ka duba tsarin: yaro yana kallon tukunyar uwarsa, yana bayaninta da harshen malaminsa, don malamin ya ce ya yi kyau. Ponty ta wuce, amma wannan zaman, na kallon gida da idon mai ba da maki, shi muka gada, kuma shi muka kai cikin kayenmu na kwana arba'in.

Da yawanmu mun karanta Une vie de boy na Ferdinand Oyono a lise, littafin da ya fito a 1956. Mun haddace shi don jarrabawa, mun rubuta cewa yana sukar mulkin mallaka, mun samu makinmu. Abin da ba mu tsaya a kansa ba shi ne littafin kaye ne. Toundi ya ga ubangidansa na farko, Fada Gilbert, yana rubuta abin da ya faru kullum, sai ya kwaikwaye shi. Ke nan shi ma aron al'adar ya yi, kamar mu. Kuma a shafukan farko muryar aro ce ke bakinsa: yana alfahari da zama yaron Bature, yana ganin duniya yadda mishan ta koya masa. Ku sake karantawa ku ga inda muryar ta fara zama tasa. Ba a wajen da yake faɗin yadda yake ji ba ne. A wuraren da aikinsa na boyi ya tilasta masa ganin abu ne da idonsa. Ranar da ya kai wa Kumandan abu a makewayi ya gan shi tsirara, ya ga ashe ba a yi masa kaciya ba, daga ranar tsoron mutumin ya fita ransa. Abin da tsintsiyarsa ta jawo daga ƙarƙashin gadon Madam. Waɗannan ba wanda ya koya masa jimlar da zai faɗe su da ita, don ba su cikin katikisim, dole ya nemo tasa. Kuma wannan ganin ne ya ci ransa, don iyayen gidansa sun gane cewa yaron nan yana gani.

Akwai wani abu kuma da Oyono ya yi wanda ya kamata ya dame mu. A farkon littafin, mutumin da ya iske Toundi yana mutuwa a ƙasar Gini ta Sipaniya ya ce kayen biyu da harshen Ewondo aka rubuta su, shi fassarawa ya yi. Wato marubucin da kansa ya san yaro kamar Toundi in zai yi wa kansa magana ba da Faransanci zai yi ba. Amma Ewondon nan babu shi, ba a taɓa rubuta shi ba, dabarar labari ce. Mu kuwa muna da damar rubuta kayen da Oyono ya yi mafarkinsa kawai, sai huɗu daga cikinmu suka rubuta fassarar suka bar asalin.

Yanzu bari in kawo muku wanda nake ganin ya fi kusa da mu, ko da yake ba da hannunsa ya rubuta labarinsa ba. Dorugu yaro ne Bahaushe daga Dambanas, wajen Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Barno, wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi, da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hannun Heinrich Barth. Da shi aka yi tafiyar Tumbutu. A 1853 suka ƙetare kogin nan namu a Sayi, a dawowa kuma suka biyo bakinsa daga Gao har Sayi, tun Yamai ba ta zama birni ba. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila. Shi Barth kullum yana rubuce-rubucensa a hanya, daga baya ya fitar da manyan littattafai biyar. Dorugu kuwa sai a Ingila wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi ya ce ya faɗi labarinsa da Hausa, shi yana rubutawa. An buga labarin a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Dorugu ya rasu a Kano a 1912.

Wani babban yaya ne a fakulte ya ba ni fotokopin wasu shafukansa, baƙi ya cinye gefensu. Abin da ya kama ni shi ne rashin ado. Gajerun jimloli ne suna bin juna kamar ayari: an tashi, an sauka, an ci kaza, wane ya ce kaza. Yaron da aka raba da iyayensa yana ba da labarin rabuwar ba tare da ya tsaya ya gaya maka zuciyarsa ta karaya ba, kuma kai mai karatu ne makogwaronka ke ɗaurewa. Da ya zo kan yadda Turawa ke zaman cin abinci, da ido ɗaya ya kalle su da wanda ya kalli mutanen Barno, mutane ne masu wata al'ada, ga yadda suke yi. Bayan shekara ɗari da sittin da wani abu, in ka karanta shi da ƙarfi kana jin mutum a ɗakin. Shafina na gadar Kennedy wata uku kawai ya yi, kuma ba kowa a cikinsa.

Na san abin da za a ce: ai Schön ne ya riƙe alƙalami, shi ya zaɓi abin da zai shiga, kuma yana da nasa nufin, Hausa yake son koya don aikin mishan. Haka ne. Dorugu ma akwai mai tsaye a bayansa. Sai dai ku duba irin mai sauraron. Schön ba ya iya ba shi maki, don a Hausa yaron ne malami, Baturen ne ɗalibi. Kuma bai san Damagaram ba, saboda haka ba a iya ce masa "ka dai gane". Dole a faɗi abin, a kira sunansa, a ce ga yadda yake. Mai sauraron da ya fi ka iya harshen yana sa ka yin kwalliya. Wanda yake jiran ka gaya masa abin da bai sani ba yana sa ka buɗe ido. Tunda ba za mu iya korar mai leƙe ba, ai gara mu zaɓi wanda zai tsaya.

Kada kuma mu ɗauka rubutun kullum a kansa wani tsarki ne. Hamman Yaji, hakimin Madagali a ƙasar Adamawa, ya sa ana rubuta masa abin da ya yi daga 1912 zuwa 1927. Cikinsa akwai hare-haren da ya tura da yawan bayin da aka kamo, jere da labarin dawaki da kyaututtuka, duka da sanyin murya ɗaya. Ba ƙarya a ciki, kuma shekara goma sha biyar na rubutu ba su sa ya ga kansa ba.

Sai maganar kunya, wadda aka yi ta gardama a kanta a fada. Wasu sun ce ba za mu taɓa samun murya ba sai mun cire kunya, mu rubuta duk abin da ke ciki, har wanda ba a faɗa. Ina ganin wannan ma shawarar aro ce. Na farko dai, a ina za ka ɓoye kayen? A ɗakin site da ake kwana mutum biyar, ko a gida inda ƙanenka ke yage takarda don ƙunsa gyaɗa? Duk wanda ya rubuta sirrinsa a irin wannan wuri ya san ana iya karantawa, don haka tun wajen rubutun yake gyara fuska. Na biyu, mu mutanen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari ne, kuma kowa ya san ba rashin so ba ne. Kewayen da take yi wa sunan shi ne son. Marubucin da ya tashi cikin wannan ya watsar da shi don wai ya zama mai gaskiya, ya watsar da rabin kayan aikinsa. Ko Ramatoulaye ta Mariama Bâ, a Une si longue lettre na 1979, da ta buɗe kaye a cikin takaba ba wa iska ta rubuta ba. Ta zaɓi mutum guda, ƙawarta Aïssatou, wadda ta san ta tun ƙuruciya kuma ba a iya yi mata burga. Ta faɗi da yawa, ta kuma bar da yawa, kuma takabar ce ta ba ta abin da yawancin matanmu ba sa samu, wato ɗaki da lokaci.

Shafin da na ce ya fita daban na wata ƴar uwa ce da ta nemi kada a sa sunanta, har ta ba da haƙuri wai nata ba adabi ba ne. Ranar da ta rubuta, innarta ta kira ta daga ƙauye. Ba ta gaya mana ta yi kewar gida ba. Ta rubuta abin da innar ta tambaya, bi da bi: ko tana cin abinci, nawa ake sayar da tiyar gero a Yamai, ko ta je gaida gwaggonta a Talladje. Ta rubuta cewa innar ta ce akuyar nan mai baƙin kunne ta haihu biyu, sannan ta yi shiru, sannan ta ce an sayar da uwar. Ba a faɗi dalili ba, amma layi biyu a sama ƴar uwar ta riga ta rubuta kuɗin rajistar da aka aiko mata. Daga nan kiredi ya ƙare. Ta fita sayen sabulu, mai tebur ya yi mata Zabarmanci, ta ce "marje no", ya faɗi, ta ce ya rage, ya ƙi. Shafin ya ƙare a nan.

Ba cikakke ba ne. Akwai jimla biyu a tsakiya inda ta tsorata ta koma redaksiyon, ta ce rayuwa gwagwarmaya ce, da ni ne da na soke su. Rubutun Hausarta kuma ya sha wuya, ƙ da k duk ɗaya ne a wajenta, tana rubuta "ou" a maimakon "u", "tch" a maimakon "c". Amma wannan aikin rabin awa ne ga mai gyara. Abin da ke shafin ba mai gyaran da zai iya sa shi. Na tambaye ta wa take tunani da tana rubutawa, ta ce yayarta da ke aure a Agadas, wadda kullum in sun yi waya sai ta ce mata "gaya mini duka, mi inna ta ce, da bakinta".

Kuskuren baƙaƙen nan ma ba laifinta ba ne. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, amma mu nawa ne a ƙungiyar nan muka bi ta irin wannan aji? Da na tambaya a zaman da ya wuce ba wanda ya ɗaga hannu. A 2025 an rubuta a dokar ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. To, doka ba ta koya wa hannu inda ake sa ƙugiya. Kuma ina roƙon ƴan uwa Hausawa kada wannan ya sa mu ɗaga kafaɗa a ƙungiya: ɗan uwanmu da ke mafarki da Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci, kayensa da harshensa ya kamata ya cika, matsalarmu da shi iri ɗaya ce. Wanda kuma Faransanci ne da gaske harshen da yake yi wa kansa faɗa da shi, akwai su a Yamai, ya rubuta da shi, amma Faransancin da yake yi a anfi da bakin resto, mai haɗe da "walla" da "kala suba", ba na littafin dikte ba.

Wanda ya kawo shawarar kwana arba'in ya karanta wannan sharhi kafin a kai shi fotokopi, kuma bai ji daɗi ba. Ya ce na yi wa mutane rashin adalci, kwana arba'in ba komai ba ne, muryar aro matakin farko ce da kowa ke bi, har Toundi da nake yabo da ita ya fara. Ya ce kuma in muka riƙa sukar kayen juna a bainar jama'a, gobe ba wanda zai sake kawo nasa. Maganarsa ta biyun ta tsaya mini a rai, don mutum biyu cikin taran sun daina gaishe ni da fara'a tun da suka ji ina rubuta wannan. Ta farkon kuwa na yarda da rabinta. Aro mataki ne in mutum ya san aro yake yi. Ni da na rubuta makomar Afirka a kan gada ban sani ba, har wani daɗi na ji, na ce yau na yi rubutu.

Na sake sayen kaye a Katako, mai shafi ɗari. A bangon ciki na rubuta sunan kakana na wajen uwa, wanda bai taɓa zuwa Yamai ba, bai san mene ne anfi ba, kuma in ka fara yi masa dogon Turanci sai ya ce "to, sannan mi ya faru?" Shafin farko na takalmin ne. Mai gyaran da ke zaune a gindin gada ta ɓangaren Harobanda ya karɓi dala goma, ya ɗinke igiyar da zaren buhu fari, ya ce kada in bari ruwa ya taɓa shi.